Shekarar da Godiya Ta Kai Wa Yayanta Zakara

Ranar da muka binne mahaifiyarku, ɗaya daga cikin dattawan cocinmu ya tashi ya yi magana. Ya ce ni Bitrus mutum ne mai hangen nesa, domin na bar 'yata ta tafi jami'a tana da shekara goma sha biyar, a lokacin da wani uban zai riƙe ta a gida. Mutane suka gyaɗa kai. Ni kuwa na sunkuyar da nawa, aka ɗauka tawali'u ne. Kunya ce. Yabon ba nawa ba ne, mai shi tana kwance a gabanmu cikin akwatin da ni kafinta na kasa haɗawa da hannuna, sai da wani ya haɗa. Ishaku, kai ka san rabin abin da zan rubuta a nan. Godiya, ke ba ki san ko kaɗan ba, kuma saboda ke na ajiye zarto na ɗauki biro. Zan riƙa kiran sunayenku kamar ina ba baƙo labari, don wata rana 'ya'yanku ma su karanta su gane.

Gidanmu yana Kafanchan, bayan tsohon layin dogo, ɗaki biyu da falo da bishiyar gwaiba a tsakar gida. Shagona yana bakin titi, tafiyar minti biyar. Matata Rifkatu kayan miya take sayarwa a kasuwa, ran Lahadi kuma ita ce mai buga tulu a zumuntar mata, irin bugun da idan ta sa tafin hannu a bakin tulun sai ka ji shi a ƙirjinka ko kana can baya wajen ƙofa. Ni da ita duk a firamare muka tsaya. 'Ya'ya biyu Ubangiji ya bar mana, Ishaku babba, sai Godiya, tsakaninsu shekara biyar. Akwai biyu a tsakiya da ba su zauna ba. Shekarar da Ishaku ya gama sakandare na samo katakon maɗaci mai kyau, na haɗa masa akwati na tafiya makaranta. Sati uku ina yinsa a tsakanin ayyukan mutane. Na goge shi har sai da fuskata ta fito a jikinsa, na sassaƙa ISHAKU a kan murfin da manyan baƙaƙe. Rifkatu ta ce yaran yanzu jaka mai taya suke ja, na ce jaka mai taya shekara biyu take yi, wannan kuwa jikansa ma zai gada. Da sakamako ya fito, ya ci komai sai lissafi. Ba lissafi, ba jami'a. Akwatin ya zauna a falo. Rifkatu ta shimfiɗa masa ƙyalle ta ɗora rediyo a kai, wai don kada sunan ya riƙa kallon yaron.

Ishaku ya sake shiri. Kullum da yamma yakan zauna ƙarƙashin gwaiba da littafin tsofaffin tambayoyi, Godiya kuma tana kusa tana tsince shinkafa ko tana gyaran alayyafo. Tana aji huɗu a sakandare lokacin, shekararta goma sha huɗu, ƙarama ce har a cikin sa'o'inta, da ƙafafu kamar sillen kara. Ina dawowa daga shago sai in ji su.

"Yaya, ba haka ba ne. Ka manta ka juya alamar."

"Wa ya tambaye ki? Abeg je ki wanke kwanoni."

"Na wanke. Ka juya alamar."

Sai ya yi tsaki, ya juya, amsar ta fito daidai da ta bayan littafi. Yakan ɗauki ɗanyar gwaiba ya jefe ta, ta kauce tana dariya. Littafin a juye take ganinsa daga inda take zaune, amma haka take karantawa. Ni ban ɗauki wannan a bakin komai ba. Na ɗauka rawar kai ce irin ta auta.

Malama Tabitha ce ta buɗe mini ido. Ita ke koya musu lissafi, kuma cocinmu ɗaya. Ta zo shago wata rana, ta share garin katako daga kan benci ta zauna.

"Baban Ishaku, yarinyar nan tana ɓata lokacinta a ajina. Abin da nake koya musu yau ta gama shi tun bara. Shekaranjiya ma ta gyara mini kuskure a allo, a gaban dukan aji, har da ‘yi haƙuri, Malama’. Ni ce ma na ba ta haƙuri daga baya."

Ta ce akwai jarrabawar kammala sakandare da ake yi wa 'yan waje, wadda Ishaku zai sake zaunawa. A sa sunan Godiya ma. Na ce to, a matsayin gwaji, ta ga yadda abin yake kafin lokacinta ya zo. Haka na faɗa, haka kuma nake nufi. Suka riƙa tafiya tare da safe, shi a gaba da dogayen ƙafafunsa, ita a baya tana ɗan gudu. Ranar farko mai gadin wurin ya tare ta, ya ce 'yan rakiya a waje suke tsayawa. Ishaku ne ya dawo ya ce masa ta fi rabin na ciki ilimi, sannan mai gadin ya buɗe mata.

Sakamako ya zo. Godiya ta share komai. Ishaku, lissafi ya sake riƙe shi, da ɗan kaɗan. Ban taɓa ganin gida da dariya da shiru suka zauna a kujera ɗaya kamar ranar ba. Rifkatu ta rungume Godiya a kicin inda ba a gani, ta fito ta zuba wa Ishaku nama biyu. Bayan haka abubuwa suka yi ta gudu. Godiya ta zauna jarrabawar shiga jami'a, ta ci da makin da ya sa Malama Tabitha ta zo gidanmu da silifas ƙafa daban-daban. Wata babbar jami'a a kudu, irin wadda ake rububin shiga, ta ce tunda shekarunta ba su kai ba, sai a kawo ta malamai su gan ta ido da ido. Rifkatu ce ta kai ta. Kwana huɗu suka yi, ta dawo tana ba da labarin kamar wadda ta je yaƙi ta ci.

"Mutum biyar fa, Baban Ishaku, duk da furfura. Suka yi mata tambaya, ta ce a ba ta abin rubutu. Allon ya fi ta tsawo, sai da aka sa mata kujera ta taka. Da ta gama, wata mai gilashi ta juyo ta tambaye ni wa yake koya mata a gida. Na ce yayanta."

Ishaku ya ɗago kai.

"Ni? Haba Mama, ƙarya a gaban furofesa?"

"Wace ƙarya? Kai kake yin kuskuren, ita tana gyarawa. Da ba ka yi ba, a ina za ta koya?"

Har shi sai da ya yi dariya. Ni ma na yi, amma a raina na ce za su yaba mata su ce ta dawo idan ta girma. Da haka na kwantar da hankalina.

Yanzu na zo wurin da na daɗe ina kewayewa. Wata Juma'a Malama Tabitha ta kawo mini takarda a shago, ta buga ta a wurin masu kwamfuta. An ɗauki Godiya, karatun injiniyan lantarki, kuma an ba da sati uku ta je ta karɓi gurbinta, in ba haka ba a ba wani. Malama tana sauri za ta Zonkwa jinyar mahaifiyarta, ta ce in kai gida in yi musu albishir. Na karanta takardar sau biyu. Na buɗe aljihun teburina, na ɗaga samfefar goge katako, na sa takardar a ƙarƙashi, na rufe. Na koma gida na ci tuwo, aka tambaye ni yaya aiki, na ce lafiya. Kwana tara ina haka. Ba don ina ƙin ci gaban 'yata ba. Ina ganin Ishaku ne. A inda na tashi, ƙarami ba ya tsoma hannu a kwano kafin babba, ba ya shiga gona a gaban babba, ba ya zama alhali babba yana tsaye. Na yi tunanin ranar da za a fita da kayan Godiya ta falon nan, a wuce akwatin da ke ƙarƙashin rediyo, maƙwabta suna kallo, abokansa suna kallo. Na ce a raina, bari kwanakin su wuce. Ta jira shekara ɗaya ko biyu, shi ya fara tafiya, ita ta bi, ai ƙarama ce, lokaci yana gabanta. Na yi addu'a a kan wannan kowace safiya, kuma kowace safiya ina tashi daga addu'ar da nauyin da na durƙusa da shi.

Lahadi ta biyu Malama Tabitha ta dawo. Ana tashi daga sujada ta riƙe hannun Rifkatu a bakin ƙofar coci tana tambayarta ko an fara haɗa kaya. Ina nesa kaɗan, na ga fuskar matata. Ba ta canja ba. Ta yi murmushi ta ce ana nan ana shiri. Muka koma gida, ta dafa shinkafa da wake, kowa ya ci, ta wanke hannu, ta gyara ɗaurin kallabinta.

"Baban Ishaku, raka ni shago. Na manta wani abu a can."

"Yau Lahadi? Me kika manta?"

"Abin da ka ajiye mini."

Muka tafi. Na buɗe shagon, na buɗe aljihun teburin, na miƙa mata. Ta kaɗe garin katakon da ke jiki, ta karanta a hankali tana bin layi da yatsa, domin Turancinta kamar nawa ne. Da ta gama ta ninke ta sa a cikin Littafi Mai Tsarki da ta zo da shi. Na fara bayani, na faɗi duk abin da na faɗa a sama, har da ƙari. Ta bar ni na gama.

"Na ji ka. Ni ma ɗana ne, ni na goya shi. Amma ka yanke wa yara biyu hukunci ba ka tambayi ko ɗaya ba. Ita ka tare mata hanya, shi kuma ka ɗauke shi wanda ba zai iya jin labari mai daɗi ba. Tunda al'ada ka kawo, gobe mu je wurin mai al'adar. Abin da Kaka ta ce, na yarda."

Na ji daɗin wannan, domin na tabbata tsohuwa tana bayana. Da safe muka hau mota zuwa ƙauyenmu, gaba da Fadan Kagoma. Mun tarar da mahaifiyata, Kaka Laraba, tana zaune a kan turmi a kife tana sheƙe acca. Ta riga ta tsufa sosai lokacin, amma bakinta bai tsufa ba. Na zayyana mata komai da yarenmu, na tsara shi kamar mai shigar da ƙara. Ta saurara, ta ajiye faifai, sai ta fara dariya. Ta yi dariya har sai da tari ya kama ta, Rifkatu tana bubbuga mata baya.

"Bitrus, wa ya fara aure, kai ko Asabe?"

Asabe ƙanwata ce. Na ce ita.

"To da za ta riga ka, me ta kawo maka?"

Shekara talatin da wani abu sun wuce, kuma na binne abin a inda ba na tonowa.

"Zakara, Kaka," in ji Rifkatu, wadda na ba ta labarin da bakina muna saurayi da budurwa.

"Zakara!" in ji Kaka. "Ya cinye shi har da kai, ƙafa ɗaya kawai ya ba Asabe. Yau shi ne zai zo ya koya mini al'ada. Wa ya ce maka ƙarami ba ya wuce babba? Yana wucewa. Abin da ba ya yi shi ne ya wuce bai roƙi hanya ba."

Ga yadda abin yake a zuriyarmu, don ku riƙe. Idan ƙarami zai riga babba wani babban abu, yakan kamo zakara ya kai masa da hannu biyu, ya ce ina roƙon hanya. Sai a ɗaure zakaran a tsakar gida. Babban yana da kwana uku. Idan ya yanka ya ci, ya ba ƙaramin ƙafa ɗaya, hanya ta buɗe, kuma ba mai sake ta da maganar har abada. Idan ya kwance igiyar ya saki zakaran, sai an jira shekara. A cikin kwana ukun nan ba uba ba uwa, ba wanda zai roƙe shi ko ya harare shi. Don aure aka saba yi. Kaka ta ce makaranta ma ai tafiya ce da akwati, ba ta ga bambanci ba. Na juya na tambayi Rifkatu, idan ya saki fa? Ta daɗe tana kallon accan da ke cikin faifai. Ta ce idan ya saki, Godiya za ta jira, kuma ita da kanta za ta gaya mata. Na san abin da wannan maganar ta ci mata. Kaka ta nuna wani jan zakara mai taurin kai, muka yi ta zagaye rumbu da shi ni da matata kamar yara, tsohuwa tana ba da umarni daga kan turmi. A mota ni na riƙe shi, kuma kafin mu kai Kafanchan ya ɓata mini wando.

Da yamma Rifkatu ta tara su a ƙarƙashin gwaiba. Ta ciro takardar ta ba Godiya, ba ta faɗi ranar da ta zo ba. Godiya ta karanta ta yi tsalle ɗaya, sai idonta ya faɗa kan yayanta, ta tsaya cak. Uwarta ta yi musu bayanin zakara. Godiya ta ɗauko shi, yana ta fisge-fisge ya kusa fin ƙarfinta, ta durƙusa a gaban Ishaku.

"Yaya, ina roƙon hanya."

Bai karɓa ba, bai ture ba. Ya dubi zakaran, ya dube ta, ya tashi ya shiga ɗaki. Muka ɗaure shi a gindin gwaiba.

Rana ta farko ba abin da ya faru sai cara. Zakaran nan bai san lokaci ba, da tsakar rana ma yi yake. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambaya ko Kirsimeti ta matso ne ba a gaya mata ba. Godiya tana zuba masa dawa da ruwa, tana ratse hanya don kada ta haɗa ido da yayanta. Rifkatu ta je kasuwa ta dawo, tana ta rera waƙoƙin zumunta ƙasa-ƙasa tana buga gefen roba da yatsu, wanda na san ba ta yin haka sai hankalinta ba a kwance yake ba. A rana ta biyu Ishaku ya biyo ni shago, abin da ya daina tun da sakamako ya fito. Ya ɗauki samfefa ya kama gogar ƙafar tebur. Bayan mun fi awa ɗaya muna aiki, sai ya ce:

"Baba, da Gwaggo Asabe ta kawo maka naka, me ka ji?"

"Na ji kunya. Na ji haushi. Naman kuma ya yi daɗi."

Ya yi ɗan murmushi bai ɗago ba. Ban san abin da ya tura ni ba, sai na buɗe aljihun teburin na nuna masa wurin, na gaya masa takardar ta kwana tara a nan, kuma saboda shi na yi. Na zaci zai gode mini. Ya ajiye samfefar a hankali.

"Wato kai ma ka ɗauka ba zan iya ɗauka ba."

"Ba haka ba ne, Ishaku."

"Haka ne, Baba. Lissafi na faɗi, ban faɗi zama yayanta ba. Da gurbin ya wuce ta gano daga baya, da wane ido za ta dube ni?"

Ya fita. Na zauna a kan benci ina tunanin na karya dokar kwana ukun da bakina, kuma watakila na ɓata komai, domin wanda aka ɓata wa rai yana iya sakin zakara don haushin wani daban.

Da safiyar rana ta uku kukan Godiya ne ya fito da mu. Igiya ce kawai a gindin gwaiba, ba zakara. Tana tsaye da kwanon dawa a hannu, hawaye yana zuba, tana cewa ba komai, za ta jira, ba komai. Rifkatu ta riƙe ta. Sai matata ta ɗaga hanci.

"Tsaya. Wa yake ƙona mini albasa?"

Muka zagaya bayan gida. Ga Ishaku tsugune a gaban murhu, gashin zakara ya manne masa a hannu da gira, hayaƙi ya sa idonsa ya yi ja, ya ɗora babbar tukunyar uwarsa ta biki. Yaron da bai taɓa dafa ko ruwan zafi ba. Ya ce ya kwance igiyar ne don ya ga sabuwa ce, kada jini ya ɓata ta. Rifkatu ta zauna a ƙasa tana dariya tana kuka, ta ce a bar shi, kada wanda ya taimake shi, nasa ne. Da ya sauke muka zauna a tabarma. Ya ɗauki tsoka ya ci, ya yamutsa fuska ya haɗiye. Gishirin da ya zuba zai isa a jiƙa fatar saniya. Ya ciro ƙafa ya miƙa wa ƙanwarsa.

"Karɓi. Hanya taki ce. In kika je kika faɗi, ki dawo mini da zakarana."

Ta cinye ƙafar tas, tana shan ruwa bayan kowace loma. Sai ya tashi ya shiga falo. Muka ji ya sauke rediyo. Ya jawo akwatin har tsakar gida, ya yaye ƙyallen, ya ce ta zuba littattafanta. Na ce to bari in kai shi shago in kankare sunan in sa nata, aikin rabin yini ne. Ya ɗora tafin hannunsa a kan baƙaƙen.

"Bar shi, Baba. Ƙarama ce. Duk wanda ya shiga ɗakinsu ya gani ya san tana da yaya."

Shi ya raka ta har can. A tasha sai da mutum uku suka ɗaga akwatin, direba yana tambaya ko injin niƙa ne a ciki. Matan zumunta suka zo da kayansu iri ɗaya suka yi waƙa a gaban mota, Rifkatu tana buga tulu, fasinjojin da ba su san mu ba suna tafi.

Ba zan ce abin bai ci mana komai ba. Sati da yawa Rifkatu tana fito da kwano huɗu, ta mayar da ɗaya. Godiya ta sha wuya a shekarar farko. 'Yan ajinsu sun girme ta da shekara huɗu, biyar, suna kiranta Auta, suna aiken ta, idan jarrabawa ta matso kuma su cika ɗakinta. Takan bugo waya tana kuka tana son gwaten acca, uwarta ta yi ta ba ta dariya har ta ware, idan an kashe kuma uwar ta zauna da wayar a cinya. Shekarun da uwa take koya wa 'yarta abubuwa a bakin murhu, a waya suka yi su. Rifkatu ta san haka tun ranar da ta sa takardar a cikin Littafi, ba ta taɓa cewa da na sani ba. Ishaku ya ci lissafinsa a zama na uku, ƙanwarsa tana turo masa gyara ta waya, yana zaginta yana kwafa. Yau shi malami ne a Zonkwa, kuma an ce yara suna son ajinsa domin ba ya dariyar mai kuskure.

Mun je bikin gama karatun Godiya mu uku. Rifkatu ta ɗauki tulunta a mota duk nisan nan, aka hana ta shiga da shi zauren, ta tsaya a waje ƙarƙashin bishiya ta buga har waɗansu iyaye Yarabawa suka ajiye jakunkuna suka taka. Wata bakwai bayan haka ciwon da ya ɗauke ta ya bayyana. Bai ba mu lokaci mai yawa ba.

Godiya, yanzu da ke nake. Na ji abin da kika gaya wa yayanki bayan jana'iza, cewa kin gudu kin bar Mama da wuri, da kin tsaya da kin more ta. Ya kuma gaya mini an kira ki ƙarin karatu a ƙasar waje, kin ce ba za ki ba, za ki dawo Kafanchan ki zauna da ni. Ni ba mai ilimi ba ne, awo kawai na iya. Na auna. Da kin bi aji-aji kamar kowa, ko da kin jira yadda na so, da ranar da aka kira sunanki a zauren nan ba mai buga tulu a waje. Ban ce na san shirin Ubangiji ba. Abin da na gani da idona na faɗa. Ba ki gudu ba. Kin durƙusa kin roƙi hanya, an ba ki, kin ci ƙafar da gishirinta.

Na taɓa tare miki hanya kwana tara ba ki sani ba. Ki yafe mini. Ba zan yarda ki sa ni in sake tare ta ba, ko na yini ɗaya, ko da sunan ƙauna ne. Ina cin abinci, ina zuwa shago, matan zumunta ba sa barin kwanona ya bushe. Ki amsa musu ki ce kina zuwa.

Ishaku ya ce in gaya miki wannan ma wucewa ce, saboda haka ki zo da zakara. Wai na farkon gishiri ya ɓata, yana so ya gyara sunansa. Igiyar tana nan, uwarku ta adana ta a cikin tulun.